Tallafin littattafan dijital: mu biya dandali kuɗin shekara, ko mu sayi na takarda?

Ƴar Ader, Tawa

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar littattafan dijital, musamman ma'aikatan ɗakunan karatu. Namu ɗakin karatu na jama'a ne a nan Tawa, yawancin masu shigowa ƴan koleji ne da ƴan lise masu shirin jarrabawa, sai ɗaliban jami'a da malamai jefi-jefi. Wata ƙungiya ta yi mana alkawarin sefa miliyan biyu, sau ɗaya tak, ba kowace shekara ba. Kwamitinmu ya rabu gida biyu. Wasu na son a biya wani dandali na waje kuɗin shekara, wanda wakilinsa ya ce akwai dubban littattafai a ciki, a haɗa da tablet guda goma. Wasu kuma sun ce a sayi littattafan takarda kawai kamar yadda aka saba.

Abin da ban gane ba shi ne, in mun biya kuɗin nan, me muka saya takamaimai? In shekara ta ƙare ba mu sami kuɗin sabuntawa ba, ko kamfanin ya rufe, me zai rage a hannunmu? Na ji ana cewa ɗakunan karatu na Amurka da Turai ma kuka suke yi da wannan kasuwa. Da gaske ne? Kuma ko akwai wata hanyar bayan waɗannan biyun?

Tsohon Mai Laburare, Yamai

Wa alaikumus salam, Malama. Amsar tambayarki ta farko gajeriya ce: ba littafi kuka saya ba, izinin karantawa kuka karɓa haya zuwa wani lokaci. Ran da wa'adin ya cika ana rufe ƙofa, tablet ɗin ne kaɗai zai rage a kan tebur.

Dalilin yana cikin doka. Littafin takarda in ɗakin karatu ya saye shi, ya zama dukiyarsa. Yana iya ba da aronsa har ya yage, a ɗinke shi, a sake ba da shi, mai ɗab'i ba shi da ta cewa. Littafin dijital kuwa ba a sayar da shi, lasisi ake sa wa hannu, kuma wanda ya rubuta lasisin shi ke canza sharuɗɗa duk ran da ya ga dama. Abin da ya faru a Amurka ke nan. A 2011 kamfanin ɗab'i na HarperCollins ya ce kowane kwafi aro 26 zai yi ya mutu, sai a sake biya. A 2012 Penguin ya yanke hulɗa da OverDrive, dillalin da mafi yawan ɗakunan karatun ƙasar suke bi ta hannunsa, Random House kuma a shekarar ya ɗaga farashi, wasu littattafan har ninki uku. Daga baya Penguin da Random House suka haɗe suka zama kamfani ɗaya, a 2018 suka soke lasisin dindindin suka mai da shi na shekara biyu, littafin manya har dalar Amurka 55. Hachette ya bi sahu a 2019. Macmillan kuma ya ce daga watan Nuwamban 2019 sabon littafi kwafi ɗaya kaɗai zai sayar wa kowane rukunin ɗakunan karatu a mako takwas na farko, ko da garin mai mutum miliyan ne. An yi ta kai ruwa rana, wasu ɗakunan suka ƙaurace wa kamfanin, sai a Maris 2020 ya janye.

Ki lura da tsarin da suka fi amfani da shi: kwafi ɗaya, mai karatu ɗaya. Fayil ne da ba ya tsufa, amma an sa masa makulli ya riƙa yi kamar takarda, in yana hannun wani sai ki jira layi. Wato an ɗauko wahalar takarda an ɗora masa, an cire amfaninta, wanda shi ne mallaka. Ki yi lissafi da kuɗinku. Dala 55 ta haura jika talatin, wato sefa dubu talatin. Miliyan biyu ba za ta wuce littafi sittin da ƴan kai ba a wannan farashi, kuma bayan shekara biyu babu ko ɗaya.

Dillalan su ma ba su zauna wuri ɗaya ba. OverDrive ɗin nan kamfanin Rakuten na Japan ya saye shi a 2015, a 2020 ya koma hannun KKR, masu zuba jari waɗanda sana'arsu saye da sayar da kamfanoni ce. A shekarar OverDrive ya haɗiye abokin gasarsa RBdigital, a 2023 kuma ya kashe tsohuwar manhajarsa ya tura kowa sabuwar, mai suna Libby. Duk sauyi irin wannan ma'aikacin ɗakin karatu ne ke zama yana koya wa mutane sabuwar manhaja, kuma tsofaffin na'urorin da ba su ɗauke ta ba sun zama kayan ajiya. Shagunan masu saye ɗai-ɗai ma haka. Microsoft ya rufe shagon littattafansa a 2019, littattafan da mutane suka biya suka daina buɗewa, aka mayar musu da kuɗi. Tun 2009 Amazon ya taɓa shiga Kindle, na'urorin karatun da ya sayar wa mutane, daga nesa ya goge littattafan da suka saya, saboda rikicin haƙƙin mallaka da bai shafe su ba. A Fabrairun 2025 ya cire damar sauke littafi a kwamfuta a tura shi Kindle ta igiyar USB, hanyar da mai raunin intanet ya fi dogara da ita.

An gwada kauce wa wannan ta hanyar doka. Jihar Maryland ta yi doka a 2021 da ke tilasta wa masu ɗab'i ba ɗakunan karatu lasisi bisa sharuɗɗa masu sauƙi, kotun tarayya ta dakatar da ita a 2022. Internet Archive kuma, wani ɗakin karatu na intanet, ta riƙa ɗaukar hoton littattafan takarda da ta mallaka tana ba da aronsu ɗaya bayan ɗaya. Kamfanoni huɗu suka kai ta ƙara a 2020, ta sha kaye a 2023, ta ɗaukaka ƙara ta sake faɗuwa a 2024, littattafai sama da dubu 500 suka fita daga rumbun aronta. In akwai ɗalibanku da suka saba aro a can suka ga abu ya ɓace, dalilin ke nan.

To, waɗannan ɗakunan karatu ne masu kasafin kuɗi na kowace shekara daga haraji, ga shi suna kokawa. Ku kuɗinku zuwa ɗaya zai yi. Ga kuma abin da su ba su sani ba: biya da kuɗin waje. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya, amma ba a ɗaure take da dala ba, don haka farashin da aka yanka da dala yana iya tashi ba tare da kamfanin ya ƙara ko tamma ba. Kowa ya tuna 2023 bayan takunkumin da aka sa wa Nijar, yadda aika kuɗi waje ya yi wuya, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya. Littafin takarda bai san an yi ba. Ni a ganina kuɗin da ya zo sau ɗaya a sa shi cikin abin da zai zauna. Kayan aro ba ya rufe katara.

Injiniya Ɗan Gaweye, Yamai

Baba Mai Laburare ya gama magana a kan kasuwa. Ni zan amsa tambaya ta ƙarshe, domin akwai hanyar, kuma dijital ce: ku riƙe fayilolin da kanku a cikin ɗakin, ku rarraba su ta wifi na cikin gida wanda ba ya buƙatar intanet. Irin tunanin da ke bayan Ideas Cube na ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières ke nan, da RACHEL, akwatunan da ke raba littattafai ta wifi ba intanet, amma kuna iya haɗa naku.

Kayan aiki: Raspberry Pi 4, wata ƴar ƙaramar kwamfuta, mai ƙwaƙwalwar giga 4, da cajarsa ta asali mai bolt 5 amfiya 3. Kada a yi masa dabara da cajar salula ta kasuwa, in wuta ta gaza masa yana sake tashi da kansa ko ya lalata fayiloli. Ku sa littattafan a faifan SSD na giga 256 ko 500 ta USB. Ƙaramin katin memori in aka ɗauke wuta yana cikin rubutu sai ya lalace, kuma wannan shi ne abin da ya fi kashe irin waɗannan akwatuna. Wifi ɗin da ke jikin Pi ba ya ɗaukar mutane da yawa, in aji guda ya shigo zai riƙa zubar da su, don haka ku haɗa masa ruta, na'urar raba wifi, daban. In akwai tsohuwar kwamfutar hannu mai batir mai rai, ta ma fi sauƙi, batir ɗinta shi ne kariyarta ran da NIGELEC ta ɗauke wuta.

Manhaja biyu sun isa, duk kyauta. Kiwix na buɗe fayilolin ZIM, wato shafukan intanet da aka tattara don karatu ba intanet: Wikipedia ta Faransanci, ta Hausa, ta Larabci, Wikisource, ƙamus na Wiktionnaire, Vikidia ta yara, da Gutenberg, tarin tsofaffin littattafai na kyauta. Wikipedia ta Faransanci mai hotuna giga gommai ce, a sauke ta a inda intanet ke da ƙarfi, a Yamai ko a jami'a, a kawo ta a faifai. Calibre kuma shi ke riƙe fayilolin littattafai, EPUB da PDF, yana da sashen da ke buɗe kundin ga duk wanda ke kan wifi ɗin, ta ƙofa mai lamba 8080. Mai karatu ya buɗe burauzarsa ya rubuta adireshin, ya nemi littafi, ya sauke a salularsa ya tafi gida da shi. EPUB na rubutu zalla da wuya ya wuce mega ɗaya ko biyu, PDF ɗin da aka ɗauka da sikana shi ke kai mega hamsin ko fiye.

Wuta: Pi da SSD da ruta ku ƙaddara wat 15 gaba ɗaya. Awa goma a yini wat-awa 150 ke nan, a batir mai bolt 12 kusan amfiya-awa 13. Batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, ga asarar da ake yi a hanya, ga ranakun ƙura, don haka mai amfiya-awa 50 da faifan sola mai wat 100 sun wadatar. A sauke bolt 12 zuwa 5 kai tsaye da ƙaramin mai sauya wuta, ba sai an bi ta inbata ba.

Abubuwan da ke ɓata aiki. Zafi: Pi yana rage gudu da kansa in ya kai digiri 80, kuma a Tawa cikin Afrilu da Mayu ɗaki mai rufin kwano ba ya yi masa da sauƙi. A sa masa gida mai fanka ko na ƙarfe mai shan zafi, a ajiye shi ƙasa-ƙasa inda iska ke bi, batir kuma nesa da rana. Ƙurar hunturu: a busa fankar duk wata. Agogo: Pi 4 ba shi da batirin agogo, in babu intanet yana tashi da kwanan wata na bogi, sai lissafin masu shiga ya rikice. Ƴar na'urar agogo ake ƙara masa, ba ta da tsada. Sai wanda ya fi rikita mutane: salular Android in ta ga wifi babu intanet sai ta koma kan data a ɓoye, mai ita ya ce akwatin bai aiki. Ku rubuta a bango da manyan baƙaƙe, a kashe data kafin a shiga.

Kwafi uku za ku riƙe: na cikin akwatin, na faifai a aljihun tebur, da na uku a wani gini daban. A kan tablet goma kuwa, ni da biyu ko uku zan saya don wanda ba shi da salula. Batirinsu na kumbura da zafi, gilashi na fashewa, kuma bayan ƴan shekaru sabbin manhajoji ba sa hawa. Salular da ke aljihun ɗalibi ita ce na'urar karatunku, kuma ba ku ne kuke gyaranta ba.

Malama Mai Kundin Jami'a, Yamai

Ban ƙi ta Baba da ta Injiniya ba, amma kada mu sa Malama ta ɗauka kyauta ta ƙunshi komai. Abin da ke rumbunan kyauta irin Gutenberg da Gallica da Wikisource galibi littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare ne, wato na marubutan da suka daɗe da rasuwa. Ɗan lise da ke neman adabin Faransa na ƙarni na 19 zai samu har ya gaji. Amma yawancin marubutan Afirka da ake karantawa a aji haƙƙinsu na nan daram. Ɗalibin shari'a da ke neman sharhin dokokin kasuwanci na OHADA na yanzu, ko mai karatun akanta bayan an sake fasalin tsarin akanta na SYSCOHADA, ko mai aikin jinya, tsohon littafi cutar da shi zai yi. A irin wannan fanni littafi kan tsufa da wuri ko na takarda ne, don haka haya ba asara ba ce kamar yadda take a adabi.

Sannan abin da wakilin ya kawo muku, in na fahimta, ba tsarin Amurka ba ne na kwafi ɗai-ɗai. Kundi ne gaba ɗaya da ake biya wa kuɗin shekara, irin na ScholarVox ko YouScribe da aka sani a ƙasashenmu masu Faransanci. Kyansa shi ne mutum ashirin na iya buɗe littafi ɗaya lokaci guda. Aibinsa biyu ne. Littattafai na shiga suna fita gwargwadon yarjejeniyar dandalin da masu ɗab'i, wanda malami ya dogara da shi bana yana iya ɓacewa baɗi. Kuma da yawansu a kan intanet ake karantawa shafi-shafi, in rezo ya faɗi karatu ya tsaya. A Faransa akwai wani tsarin kuma, PNB, na aron littattafan dijital a ɗakunan karatu, da aka fara a 2014 ta hannun kamfanin Dilicom: ɗakin karatu na sayen littafi da adadin aro, da wa'adin shekaru, da iyakar mutanen da za su riƙe shi tare, kuma kowane mai ɗab'i da nasa lambobin. Ko can ma ƙungiyoyin ma'aikatan ɗakunan karatu sun daɗe suna sukar tsadarsa.

In kwamiti ya nace, ga abin da za a nema a rubuce kafin a sa hannu. A ba ku gwaji na wata ɗaya ko biyu kyauta, a cikin ɗakinku da intanet ɗinku, ba a salular wakili ba. Kafin gwajin ku tara sunayen littattafai hamsin da masu karatunku suka fi tambaya, ku neme su ɗaya-ɗaya. Dubban da ake faɗa ba su ne ma'auni ba, nawa daga cikin hamsin ɗin aka samu shi ne ma'auni. Ku tambaya ko ana saukewa a karanta ba intanet, da kwana nawa fayil ke yi kafin ya nemi a sake haɗa shi. Ku tambayi irin makullin da aka sa wa fayilolin don hana kwafa. Na Adobe wahala ne: abin da mutum ke saukewa da farko ɗan fayil ne mai suna ACSM, tikiti ne kawai ba littafin ba, galibi sai an buɗe asusu da imel, sai an yi wa na'ura rajista, kuma in agogon na'ura ya kauce sai ya ƙi. Makullin LCP ya fi sauƙi, kalmar sirri ɗaya ce, kuma bayan an sauke ba ya neman intanet har wa'adin aro ya cika. Farashin shekara ta biyu da ta uku a rubuta shi tun yanzu, da sefa ko yuro. A soke sharaɗin sabuntawa ta kai tsaye. A rubuta cewa za a ba ku lissafin amfani duk wata, littafi nawa aka buɗe, mutum nawa suka shiga, domin shi za ku nuna wa mai tallafi na gaba. A kuma rubuta abin da za a mayar muku in dandalin ya tsaya a tsakiyar shekara. Sunaye da lambobin salular yaranku da za a yi rajista da su, a faɗa muku inda suke zuwa.

Kafin ma a biya kowa, ɗaliban jami'a a nuna musu shafukan intanet na kyauta irin Persée da OpenEdition da DOAB da Les Classiques des sciences sociales, akwai ilimi na zamani mai yawa a buɗe. Research4Life kuma, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallun bincike, jami'o'i da asibitocin koyarwa da cibiyoyin bincike yake yi wa rajista, don haka ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani ya fara tambaya a ɗakin karatun jami'arsa, kada ku biya abin da yake da haƙƙinsa a can.

Abu na ƙarshe, kuma ba siyasa nake ba. Damar da ta zo ta hannun abokin hulɗa na waje tana tafiya ne da hulɗar. Nijar ta sanar da ficewa daga OIF, ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci, a Maris 2025, ƙungiyar ce kuwa ta assasa shirin CLAC na ɗakunan karatu a ƙananan garuruwa. Littattafan da ke kan kanta a waɗannan wurare ba inda za su. Kalmar sirri ta shiga wani dandali kuwa daga nesa ake kashe ta.

Ƴar Ader, Tawa

Allah ya saka da alheri, Baba, Injiniya, da Malama. Gwajin littafi hamsin ɗin nan zan kai wa kwamiti. Saura abu ɗaya: mata da yawa da ke shigowa littattafan Hausa suke tambaya, yara kuma na firamare ba mu da abin ba su cikin harshen gida. Na tabbata dandalin nan ba shi da su. Mutane na turo mana PDF na labaran Hausa ta WhatsApp, ya halatta mu zuba su a akwatin da Injiniya ya kwatanta?

Mai Ɗab'i, Yamai

Malama, kada ku zuba. Yawancin PDF ɗin da ke yawo an kwafe su ne ba da izinin marubutan ba, kuma galibin marubutan nan mata ne da ke sayar da labarinsu babi-babi a rukunin WhatsApp da Telegram, da shi suke cefane. Mutum ɗaya ya tura wa ƙawarsa wani abu ne, ɗakin karatu na hukuma ya rarraba wa gari wani abu ne daban, kuma BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa, na iya shiga maganar.

Kasuwar tamu ma ta ga irin abin da Baba ya faɗa. OkadaBooks, dandalin sayar da littattafan dijital na Nijeriya, wanda aka kafa a 2013, marubutan Hausa da dama sun sa littattafansu a kai suna samun ɗan kuɗi. A ƙarshen Nuwamban 2023 ya rufe. Wanda bai riƙe kwafin aikinsa a hannu ba, ko mai karatun da littattafansa ke cikin manhajar kaɗai, shi ya san abin da ya gani. Saboda haka marubuci na da amfani a ce akwai ɗakin karatu da ke ajiye masa kwafi mai kyau, kuma wannan ita ce ƙofar da za ku shiga ta ita.

Ku yi yarjejeniya kai tsaye, shafi ɗaya ta isa. A rubuta sunan littafi da na mai shi, da cewa shi ne ke da haƙƙin, ba wani mai ɗab'i da ya riga ya sayar wa ba. A rubuta cewa ɗakin karatu ya biya kaza sau ɗaya, an ba shi fayil marar makulli, zai riƙe shi ba wa'adi, zai kuma iya kwafarsa don ajiya da sauya masa siga in fasaha ta canza. Marubucin na da ƴancin sayarwa ko'ina. Inda ake samun saɓani shi ne saukewa: in kowa zai tafi da fayil a salula, gobe yana WhatsApp. Mafita biyu ce. Ko a ajiye irin waɗannan a tablet ɗin ɗakin kaɗai a karanta a wurin, ko a sayi tsofaffin littattafan marubucin da suka gama cin kasuwarsu, a buga sunan ɗakin karatu a ƙasan kowane shafi, a bari a sauke. Marubuta sun fi saurin yarda da ta biyu in littafin ya kwana biyu, don tana jawo musu masu sayen sabo.

Na yara kuwa akwai na halal kyauta. African Storybook da Bloom Library da StoryWeaver duk suna da littattafan Hausa masu hotuna a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, ana saukewa, ana bugawa a takarda, yawanci ma ana iya gyara rubutun. Ku duba lasisin kowane ɗaya, wanda aka sa wa NC ba a sayar da shi, wanda aka sa wa ND ba a canza shi. Yaro ɗan shekara bakwai takarda ta fi masa, don haka ku ware kuɗin bugawa da ɗinki. Ku kuma tuntuɓi masu ɗab'i na gida irin su Gashingo a nan Yamai, da INDRAP, cibiyar gwamnati mai shirya littattafan koyarwa, a kan littattafan makaranta na harsunan ƙasa.

Matsalar da za ku ci karo da ita ita ce baƙaƙe masu ƙugiya. Tsofaffin fayiloli da yawa an buga su da font, wato salon baƙaƙe, na musamman kafin Unicode, tsarin baƙaƙen da duk na'urori ke ganewa, ya yaɗu, in aka buɗe su a wata na'ura sai ƙ da ɗ da ɓ su koma wasu alamomi ko akwatuna. Irin wannan sai an sauya baƙaƙen zuwa Unicode, a kuma cusa font mai ɗauke da su cikin EPUB ɗin, Andika ko Charis SIL ko Noto. Wajen nema ma akwai tarko: mu muna rubuta ƴ, ƴan Nijeriya na rubuta 'y, masu salula kuma ba sa sa ƙugiya ko kaɗan. A kundin Calibre ku rubuta sunan littafi daidai, sannan ku ƙara sigar da ba ƙugiya a gurbin alamomi, in ba haka ba mai nema zai ce babu alhali akwai.

Injiniya Ɗan Gaweye, Yamai

Ƙari a kan maganar Mai Ɗab'i, Malama: Calibre na iya riƙe kundi fiye da ɗaya, kuma ana iya buɗe wa masu shiga asusu da kalmar sirri a taƙaita wa kowa kundin da zai gani. Ku yi biyu, na kowa da kowa, da na littattafan da aka saya wurin marubuta wanda tablet ɗin ɗaki kaɗai ke da kalmarsa. Ba makulli ne mai ƙarfi ba, wanda ya ƙudura zai iya ɗaukar hoton shafi, amma ya isa ya cika sharaɗin yarjejeniya. In za ku ɗauki hoton tsofaffin takardu da kuka sami izininsu, ku sa ƙarfin hoton sikana a dpi 300, launin toka in rubutu ne zalla, ku ajiye hotunan asali daban kafin a matse su zuwa PDF. Kuma mutum biyu a ɗakin su koyi kunna akwatin da kashe shi da dawo da kwafi daga faifai, a rubuta matakan a takarda a manna a cikin murfin kabad ɗin.